Ɗan azurfa ko ɗan Barku: wane kifi ya dace da tankin bayan gida a Ostiraliya?

Duk wanda yake zaune a Ostiraliya, yana da ɗan fili a bayan gida, ya kuma yi sha'awar ya riƙa ɗebo kifi daga tankinsa zuwa tukunya, ba zai yi nisa da tambaya ba zai ji sunaye biyu. Na farko shi ne wanda masu sayarwa ke kira silver perch, masana kuma Bidyanus bidyanus. Ni ɗan azurfa zan kira shi, saboda launin jikinsa. Na biyu jade perch, ko Scortum barcoo, wanda zan kira ɗan Barku, don kogin Barcoo na jihar Queensland shi ne mahaifarsa. Dangi ɗaya suke, duka biyun suna cin abincin buhu ba gardama, suna cin ganye suna cin ƙwari, kuma duka biyun 'yan ƙasa ne. Wannan batu na zama ɗan ƙasa ba ƙaramin abu ba ne a can. Karfasa, wadda duniya ta sani da sauƙin kiwo, doka ta hana a ajiye ta a yawancin jihohin Ostiraliya, domin ta riga ta tsere cikin wasu koguna ta addabi kifayen gida. Saboda haka mai tanki ba shi da dogon zaɓi, kuma galibi tsakanin waɗannan biyun ake tsayawa.

Masu talla sukan fara da saurin girma, sai su bi da yawan mai. Ni a ganina tambayar da ke yanke hukunci ɗaya ce, kuma ba a jikin kifin take ba: digiri nawa ruwan tankinka yake sauka da asubahin watan Yuli?

Kowannensu da halin koginsu ya zo. Ɗan azurfa daga kogunan Murray da Darling yake, a kudu maso gabashin ƙasar, inda ake yin hunturu na gaske daga Yuni zuwa Agusta, a kuma yi zafi mai tsanani daga Disamba zuwa Fabrairu. Jikinsa ya saba da duka biyun. Yana iya rayuwa a ruwan da ya sauka zuwa 'yan digirori sama da ƙanƙara, yana kuma jure ruwan da ya haura digiri 30. Amma jurewa daban, girma daban. Girmansa mai kyau tsakanin digiri 23 zuwa 28 yake. Da ruwa ya yi ƙasa da wajen 12, sai ya kusan daina ci, ya lafe a ƙasan tanki yana jiran ɗumi ya dawo. Ba ya ƙaruwa a waɗannan watanni, amma in an kula da shi ba ya mutuwa.

Ɗan Barku kuwa daga can tsakiyar ƙasar ya fito, yankin da kogunansa, irin su Barcoo da Cooper Creek, ke gangarawa zuwa tafkin Eyre. Koguna ne na ambaliya da fari. Shekara guda su cika su batse su malale daji, sannan a daɗe ba a ga ruwa ba sai tsirarun kududdufai. Kifin da zai rayu a irin wannan wuri dole ya iya cika ciki da sauri lokacin da abinci ya samu, ya tara kitse ya ajiye don ranar babu, ya kuma jure cunkoso da ruwa mai laka. Haka ɗan Barku yake a tanki: acici ne, da ka watsa abinci sai ruwa ya hau tafasa. Abin da bai gada ba shi ne doguwar hunturu. Yana son ruwa daga digiri 24 zuwa wajen 28 ko 30. Ƙasa da 18 cinsa ya ja baya sosai. In ruwan ya gangara wajen 12 ko 13 ya kwana biyu a nan, sai ka fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kuma tanki ba kududdufi ba ne. Kududdufi mai zurfi ƙasa na riƙe masa ɗumi, shi kuwa tankin roba mai lita 1,000 da ke tsaye a sarari iska na dukansa ta kowane gefe, dare ɗaya ya ishe shi ya huce.

To daga nan taswirar ta fito da kanta. Mutumin Darwin ko Cairns ko Townsville, a can arewa mai zafi, ɗan Barku nasa ne shekara zagaye. Mutumin Melbon ko Kanbera a kudu, inda a Kanbera daren hunturu kan sauka ƙasa da sifili, ɗan azurfa ne kaɗai zai ketare masa hunturu ba tare da hita ba. Rigimar tana wurin na tsakiya, irin Birisben da Sidni. A Birisben ana kiwon ɗan Barku, amma da dabara: a rufe tanki da dare, a naɗe jikinsa, ko a sa shi cikin rumfar leda. A Sidni, musamman unguwannin yamma da ke nesa da teku, sanyin dare ya fi ƙarfin wannan dabarar sau da yawa.

Wani zai ce ai sai a sa hita. Ana sawa, amma a yi lissafi tukuna. Ɗaga zafin ruwa lita 1,000 da digiri ɗaya tak yana cin wutar lantarki kusan kilowat-awa 1.16. Mu ɗauka tankinka yana asarar digiri 3 kowane dare, wanda ba abin mamaki ba ne ga tankin da ba a naɗe ba. Wajen kilowat-awa 3.5 ke nan a dare. A darare 90 na hunturu ka haura 300. In kifi 25 ne a ciki, kowane rabin kilo, to kilo 12.5 na kifi ka kashe wa wannan wutar, tun ba a cire kai da kayan ciki ba. Ɗauko takardar kuɗin wutarka ka ninka. Mai faranti na hasken rana a kan rufi ma sai ya tuna cewa da dare ake buƙatar ɗumin, lokacin da rana ba ta nan. Ban ce kada a yi ba. Mai sha'awa yana da damar kashe kuɗinsa. Amma wanda ya shiga harkar don ya rage cefane, kifin hita ya fi na kanti tsada.

Akwai wata hanyar da wasu 'yan kudu ke bi don su ci ɗan Barku ba hita. Maimakon su sayi ƙanana masu tsawon yatsa, sai su nemi waɗanda suka riga suka tasa, su zuba a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba da ruwa ya yi ɗumi, su ciyar da su sosai, su kwashe duka kafin sanyin Afrilu ya kama. Yana yiwuwa, sai dai tasassun sun fi tsada, ba kullum ake samunsu a lokacin da ake so ba, kuma in bazarar ta zo da sanyi-sanyi sai ka ƙare da kifin da bai cika faranti ba, ga shi ba halin a bar shi ya ƙara wata biyu.

Yanzu batun girma, inda ɗan Barku ke da bakin magana. A ruwa mai ɗumi da abinci isasshe, yakan kai rabin kilo a cikin shekara guda, wani lokaci ƙasa da haka. Ɗan azurfa ya fi shi nawa. A gonakin kifi ana lissafa masa wata 12 zuwa 18, a tankin bayan gida a kudu kuwa ka sa ran shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, tunda watannin sanyi hutu yake. Wannan jinkiri yana da nasa farashin da ba a cika faɗa ba. Kifin da zai yi shekara biyu a hannunka, shekara biyu ke nan famfo na aiki dare da rana, shekara biyu kana fargabar ɗaukewar wuta, shekara biyu in za ka yi tafiya sai ka nemi mai duba maka. Kuma ɗan azurfa ba ya girma bai ɗaya. A tanki guda za ka ga wasu sun yi gaba sun ninka 'yan'uwansu, su ne ke tare abinci suna korar na baya. Ga mai sayarwa wannan ciwon kai ne. Ga mai ci a gida kuwa ni ban ɗauke shi aibi ba: ka riƙa cire manyan biyu-biyu, uku-uku, na bayan su samu sarari su taso, kifi ya daɗe yana zuwa kicin sabo maimakon ya cika firiza rana ɗaya.

Wajen abinci bambancinsu kaɗan ne. Dunƙulen abincin kifi mai furotin wajen kashi 32 zuwa 36 cikin ɗari ya wadatar da su da zarar sun tasa, ƙananan kuma a ba su mai furotin fiye da haka, mai ƙananan ƙwayoyi da za su shiga bakinsu. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu na abinci ke ba da kilo ɗaya na kifi, wato kifi 25 za su ci wajen kilo 20 zuwa 25 kafin su kai faranti. Duka biyun suna karɓar ƙarin ganyen latas, tsutsar ƙasa da ɗanyen ganyen ruwa, ɗan Barku ma ya fi zari a kan ganye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ciyar da ɗan azurfa cikin hunturu kamar ana bazara. Ba zai ci ba, abincin ya nutse ya ruɓe, ruwa ya lalace.

Sai nama, wanda don shi ake wahalar. Ɗan azurfa tsokarsa fara ce, mai laushi, ɗanɗanonta ba shi da ƙarfi, tana karɓar duk yajin da aka sa mata. Shi ne kifin da za a ba yaro ko baƙon da ba ya son ƙarni. Ɗan Barku kifi ne mai maiƙo ƙwarai. In ka farke cikinsa za ka tarar da kitse fari dunƙule-dunƙule kewaye da hanji, kuma tsokar kanta mai ce. Masu sayar da shi suna yawan kirari da man omega-3 da ke jikinsa, kuma lallai yana da shi da yawa. Abu biyu dai suke tsallakewa. Na farko, irin man da kifi ke tarawa yana bin irin abincin da ya ci, don haka wanda aka ciyar da abinci mai arha kada a sa ran zai yi daidai da wanda aka auna a ɗakin bincike. Na biyu, wani kaso na nauyin da ka yi murna da shi a sikeli kitsen ciki ne da za ka zubar. Rabin kilo na ɗan Barku bai kai rabin kilo na ɗan azurfa tsoka ba. Amma a gasa shi a kan garwashi, ko a banda shi da hayaƙi, man nan ya narke ya ratsa naman, a nan ɗan azurfa ba ya kama ƙafarsa. A miya ko farfesu kuwa maiƙon kan yi yawa ya taso sama, wani ya so, wani ya ture kwano.

Abu ɗaya ya haɗa su a kicin, shi ne warin laka. Gansakuka da wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ruwa suna fitar da wani sinadari da ake kira jiyosmin, kitsen kifi kuma ya shanye shi, sai naman ya riƙa ɗanɗanon taɓo. Ɗan azurfa ya yi suna da wannan, har wasu suka yanke masa hukunci daga ci ɗaya. Maganin ba wuya: a ware waɗanda za a ci a wani ƙaramin tanki mai ruwa tsabtatacce da iska isasshiya, a hana su abinci na kwanaki, daga uku zuwa mako guda ko fiye, ana sauya ruwan. Wanda ya tsallake wannan mataki kada ya zargi kifin.

Ta fuskar cuta, lokacin haɗarin kowanne sanyi ne, amma ta hanya daban. Ɗan Barku sanyin ne da kansa ke karya shi, cuta ta biyo baya ta ƙarasa. In ruwa na da ɗumi kifi ne mai taurin rai, yana jure kamu da cunkoso da kuskuren sabon shiga fiye da ɗan'uwansa. Ɗan azurfa yana jure sanyin, amma a hunturu garkuwar jikinsa kan yi rauni, sai wata fumfuna mai kama da auduga ta kama fatarsa, musamman in an kama shi da raga an goge masa santsin jiki. Don haka dokar hunturu ita ce a bar shi ya huta: ba kamu, ba aunawa, ba sauya masa tanki. Akwai kuma cutar fararen ɗigo-ɗigo da ke kama su duka biyun, wadda alamarta ta farko ita ce ka ga kifi na goga jikinsa a bangon tanki. Gishiri marar haɗi, giram 2 zuwa 5 a kowace lita, shi ne abin da masu kiwo suka fi dogara da shi, kuma duka kifayen biyu suna ɗaukarsa lafiya. Sai dai wanda ya haɗa tankinsa da kwamin kayan lambu ya sani ba kowace shuka ke son gishiri ba, sitiroberi ma tun a ƙaramin awo take nuna ɓacin rai.

Tunda an ambaci kwami: yawancin masu wannan kiwo a Ostiraliya haɗa shi suke da shuka. Ruwan tanki ya bi ta cikin kwami mai cike da tsakuwa, ƙwayoyin bakteriya da ke manne a tsakuwar su juya amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitarait, daga nan zuwa naitaret, shuka ta sha, ruwa ya koma wa kifi. Ko da shuka ko babu, dole a sami wannan matatar mai rai, kuma tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta kankama. A nan ma zaɓin kifi yana da tasiri. Ɗan Barku mai ci da yawa kashi da yawa yake yi, don haka yana buƙatar matata mai ƙarfi, yana kuma ciyar da tumatir da kokwamba da kyau. Ɗan azurfa da ya yi shiru a hunturu, kwamin ma sai ya ji yunwa, ganye ya yi rawaya. Ga sabon shiga, kifi 20 zuwa 25 a tankin lita 1,000 ya isa ko wanne ya zaɓa. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ga kifi sun taso sama suna haki da sassafe, ko iska ta yi ƙaranci ko an cika su da yawa. Ruwan ɗumi kuma bai riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, saboda haka mai ɗan Barku ya fi kowa buƙatar injin iska mai batir na ko-ta-kwana. In tsohon tanki za ka saya, ya zama wanda aka taɓa zuba kayan abinci a ciki, ba sinadari ba. A guji tankin kwano mai rufin zinki da bututun jan ƙarfe, duka biyun guba ne ga kifi, a kuma cire sinadarin kulorin daga ruwan famfo kafin a zuba.

Kada ka sa ran ko ɗaya daga cikinsu zai hayayyafa maka a tanki. A daji sai ruwa ya yi ɗumi kogi ya ƙaru suke zuba ƙwai, a gidajen ƙyanƙyasa kuma allurar homon, wato sinadarin da ke sa su zuba ƙwai, ake yi wa iyayen. An gina wannan ilimi a kan ɗan azurfa a cibiyoyin binciken kifi na jihar New South Wales, a Narrandera da farko, daga baya a Grafton, inda masanin kifi Stuart Rowland ya yi shekaru yana aikin. Ma'anar wannan gare ka ita ce kowane zagaye sai ka sayi 'ya'ya, kuma an fi samunsu daga farkon bazara zuwa kaka, wajen Disamba zuwa Afrilu. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga ɗan kudu mai son ɗan Barku: 'ya'yan da suka iso hannunsa a Fabrairu saura musu wata biyu ko uku sanyi ya riske su suna ƙanana.

Akwai wani abin ban tausayi game da ɗan azurfa. Kifin da ake samu da sauƙi a gidajen ƙyanƙyasa, a kogunansa na asali ya kusa ƙarewa. Madatsun ruwa sun tare masa hanyar hijira zuwa wuraren zuba ƙwai, ruwan sanyi da ake saki daga ƙasan dam ya rikita masa lokaci, ga baƙin kifaye da aka shigo da su. A 2013 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa, kuma a New South Wales ba a yarda a kama shi daga kogi a tafi da shi ba. To kada wani ya ce zai je ya kamo 'ya'ya daga rafi, kada kuma ya ce zai taimaka ya saki ragowar nasa a kogi. Sakin kifin tanki a ruwan gwamnati laifi ne, yana kuma iya kai wa na daji cuta. Haka nan in wani ya yi maka tayin kifin da ake kira redfin, mai jajayen fukafukai, da sunan shi ma dangin ne, ka ƙi. Daga Turai aka kawo shi a shekarun 1860, yana cinye 'ya'yan kifayen gida, yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke kashe ɗan azurfa, kuma a New South Wales haramun ne a ajiye shi da rai. Kowace jiha da dokarta a kan shigo da kifi mai rai. Yammacin Ostiraliya da Tasmaniya, inda duka kifayen nan biyu baƙi ne, sun fi tsanani, don haka a tuntuɓi sashen kula da kifi na jiha kafin a biya kuɗin oda.

Za ka ji ana ambatar wasu biyu. Golden perch, mai rawayan ciki, namansa daɗi ne da shi, amma mafarauci ne da ke wahalar sabawa da abincin buhu, ya fi dacewa da dam ɗin gona. Murray cod kuma manyan na cinye ƙananan in ba a riƙa rarraba su ba. Ba na fara kiwo ba ne.

In ni ne, ga yadda zan yanke. Daga Birisben zuwa arewa, ɗan Barku, in dai mutanen gidan suna son kifi mai maiƙo, in kuwa ba sa so to saurin girmansa bai amfane ka da komai ba. Daga Sidni zuwa kudu, ɗan azurfa, da haƙurin shekara biyu. Haɗa su a tanki ɗaya ana yi, amma ɗan Barku zai riƙa riga ɗan'uwansa ga abinci, hunturu kuma ta zo ta raba gardama. Wanda yake tsakiya, ko yake shakkar bayan gidansa, ya sayi tankin tun cikin kaka, kafin Yuni, ya cika shi da ruwa a daidai inda zai zauna, ya kunna famfo, ya jefa ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙantar awo. Ya riƙa dubawa kowace safiya daga Yuni zuwa Agusta yana rubutawa. In lambar ba ta taɓa sauka ƙasa da 16 ba, ya yi odar ɗan Barku a Disamba. In ya ga 13 ko da sau biyu ne, ya yi odar ɗan azurfa.